Abin da Ke Ƙarƙashin Bonet

Yau dai a yi mini uzuri, babu ci gaban labari, wata magana ce ta tsaya mini a rai, kuma maganar mota ce.

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu ya san yadda saurayin littafi yake isowa ƙofar gidan su yarinya. A da Baby Boy ce, aka koma End of Discussion, yanzu kuwa sai Lexus mai baƙin gilashi. Za a ba ka launinta da sanyin cikinta da ƙamshin turaren da ya bugi yarinya da aka buɗe ƙofa, amma bonet a rufe yake tun daga shafin farko har a yi tammat. Ni kuwa a gidan da na tashi a Kucheri, da murya ake gane mota. Kawuna direba ne, Fijo 504 wagon yake ja daga Gusau zuwa Funtuwa da Zariya, kuma tun tana gangarowa daga wajen Tsafe kakarmu take cewa a zuba masa tuwo, ta ji kukanta.

Abin da ya tayar da zancen shi ne tseren motocin Amurka da ake kira NASCAR, wanda ɗana yake kallo a waya har ya ja ni ciki. Asalinsa ya ba ni dariya, don kamar a Jibiya aka yi shi. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta barasa a Amurka, kuma bayan an ɗage dokar ma mutanen duwatsun kudancin ƙasar ba su daina dafa ta a ɓoye ba, don gudun haraji. Masu dakonta sai su samu mota wadda a ido kamar ta kowa take, su ƙara wa injin ƙarfi don tsere wa hukuma, su ƙara sifirin don kada bayanta ya zauna ya tona asirin kaya. Wanda ya taɓa ganin 504 ta 'yan fasa-ƙwauri a hanyar Maraɗi, bayanta a ɗage sama in babu lodi, ba ya bukatar ƙarin bayani. Ranar hutu sai su taru a fili a ga motar wa ta fi gudu, har wani mai suna Bill France ya mayar da abin ƙungiya a Daytona a 1948.

Sharaɗin farko shi ne a zo da mota yadda ta fito daga kamfani. A tseren da aka yi a Charlotte a 1949, Glenn Dunaway ne ya riga kowa isa da Ford ɗinsa, da aka leƙa ƙarƙashi sai aka tarar an taɓa sifirin ɗin baya, ashe motar dakon barasa ce. Aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper mai Lincoln. Mai hali dai ba ya fasa halinsa.

To yau kuma abin ya juye. Kamfanonin da suka riƙe babban rukunin tseren su ne Ford da Chevrolet da Toyota, Dodge ta fice bayan 2012. Sai ka ga an rubuta Camry a goshin mota, alhali ba ta haɗa komai da Camry ɗin da ke ƙofar gidan Alhaji ba. Ba ta da ƙofa, ta taga direba yake shiga. Fitilun gaban nan sitika ce aka manna. Ta Alhaji da ƙafafun gaba take ja, wannan da na baya, a cikinta kuma inji ne mai silinda 8, kusan lita 6, wanda yake haura kilomita 300 a awa. Har 2011 da kafireta suke tsere, irin wadda makanikan Tsafe suka sani kamar yunwar cikinsu. Kamfani dai so yake a ci tsere ran Lahadi, ran Litinin ka je ka sayi mai irin sunan.

Da Toyota ta shiga a 2007 Amurkawa da yawa sun yi ta ƙorafi wai baƙuwa ta shigo gidan gado, alhali a jiharsu ta Kentucky ake haɗa Camry, Ford Fusion ɗin da suke tinƙaho da ita a lokacin kuwa a Meziko ake haɗa ta. Nan ne na tuna Kawu, Allah ya ji ƙansa. Shi mutumin Fijo ne har ƙashi. Yana alfahari da cewa a Kakuri ta Kaduna ake haɗa ta tun 1975, kuma a shekarar ce 504 ta cinye tseren Safari a dajin Kenya. Motar Japan kuwa gwangwani yake kiranta. Amma kafin ya ajiye tuƙi sau biyu aka sauke injin motar nan aka ɗora na Baljiyam, an sake lagireto, an sake kujeru, har ƙofar baya ta wata motar ce daga Panteka. In aka tsokane shi sai ya shafa zakin da ke gaba ya ce, "Ke ɗiyata, in dai wannan yana nan, Fijo ce."

Abin da ya sa ba na iya kallon tseren nan da nishaɗi kamar ɗana shi ne hanyarmu. Direban can in injinsa ya buga kofi ya rasa, injiniyoyi su kwashe injin su tafi bincike. Namu kuwa, tun da 'yan bindiga suka addabi tsakanin Yankara da Wanzamai da Kucheri da Magazu, mota ta mutu a nan ba ƙaramin abu ba ne. A azumin 2023 aka kwashe yara da mata masu yawa a Wanzamai, garin da muke zuwa biki da ƙafa muna ƙanana. Direban Golf da ke bin hanyar nan yau, da injin da ya gama rayuwarsa a Turai yake taka totur, wanda bakanike ya gyara a gindin bishiya da kunnensa da sifana, ga mutum shida ko bakwai a ciki kowa da iyalinsa.

Zuwana gida na ƙarshe, a tashar Gusau na bar mota mai sabon fenti na shiga wata tsohuwa, don na ga direbanta ya buɗe bonet yana duba baƙin mai da ruwa, ya zare fulogi ɗaya ya goge. Na ce, "Malam direba, yaya lafiyar injin?" Ya ce, "Hajiya, shekaranjiya ya sauko daga gareji, ki dai yi addu'a mu wuce Magazu kafin la'asar." Daga Tsafe babu wanda ya ƙara tari a motar nan, kowa ya kasa kunne ga injin, har muka hango hasumiyar masallacin garinmu.