Fita Huɗu Zuwa Bakin Tafkin Nguru

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon arziki ka ba ni ɗan fili cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana malaman makaranta labarin wata 'yar tafiya da na yi har sau huɗu tare da yaran ajina. Tafiyar duka-duka ba ta fi mil 2 ba, amma ga abin da muka samo cikinta.

Ni malami ne a wata ƙaramar makarantar firamare, a wani ƙauye kusa da Nguru cikin Jihar Yobe. Ran nan cikin watan Satumba na 2023 ina koya wa 'yan aji uku darasin itatuwa, sai na ce kowa ya faɗi sunan itace 10 na ƙasarmu. Cikin yara 38, uku kaɗai suka cika goman. Amma da na nuna hoton da ke cikin littafi, sai duk suka ɗauka da ƙarfi, "Tuffa!" alhali kuwa ba wanda ya taɓa ganin itacenta. Abin nan ya kwana mini a rai. Na ce lalle laifin namu ne, mun rufe yara cikin ɗaki muna ba su labarin duniya, duniyar kuwa tana bayan taga.

Na nemi izni wurin hedimasta ya ba ni, kana na bi iyaye gida-gida. Galibinsu suka yarda, sai wani magidanci guda wanda ya ce, "Malam, karatu na kawo ɗana ya koya. In don daji ne, ai awakina ma sun san shi." Na roƙe shi ya yi mini haƙuri zuwa ƙarshen shekara. Ya yarda da ƙyar.

Don waɗanda ba su san wannan ƙasa ba, bari in ɗan kwatanta ta. Kogin Haɗeja yana gangarowa daga wajen Kano, na Jama'are kuma daga duwatsun Jos. Da suka iso nan sai suka tarad da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tuddan rairayi, suka rarrabu rassa-rassa suka yi fadamu, kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi. Wani reshe da ake kira Marma shi ke kawo ruwa Tafkin Nguru. A gefen wannan tafki na zaɓi gindin wani babban gawo, na yi niyya can za mu riƙa zuwa, ba mu sake wuri, don yara su ga yadda wuri guda ke sake kama. Na sami wani dattijo masunci ya zama jagoranmu, yara na kiransa Baba. Muka kafa doka biyu: kowa ya zo da gorar ruwa da takarda da fensir, kuma kada wanda ya tsoma ƙafa cikin tafki, saboda tsargiya.

Fita ta fari mun yi ta a ƙarshen Satumba, damina na ban kwana, ruwa ya cika ya batse. Yara suka auna daga gindin gawo zuwa bakin ruwa, taki 25. Bado ya rufe fuskar ruwa da fararen furanni, shamuwa kuwa na ta taruwa a makiyaya tana tsintar fara. Ko'ina kore shar, sai gawon nan kaɗai tsaye ba ganye ko ɗaya. Wata yarinya ta ce, "Malam, wannan ya mutu, a yi makamashi da shi." Baba ya yi dariya ya ce, "'Yata, barci yake yi. Ki zana shi yadda kika gan shi, ki ajiye takardar."

Cikin Nuwamba muka koma, kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, ana yankan shinkafa a fadama. Tun daga nesa yara suka sheƙa da gudu suna ihu, don gawon da suka bari tsirara ya yi ganye luf, sauran itatuwa kuwa sun soma kaɗewa. Yarinyar nan ta fito da takardarta, ta dubi zane ta dubi itace, ta rasa ta cewa. Nan na zaunad da su na bayyana musu hikimar Ubangiji: saiwar gawo tana nutsawa ƙasa da nisa ta sami ruwa da rani, ganyensa kuwa yana zuba da farkon damina ya zama taki, kuma ba ya tare wa shuka rana. Shi ya sa geron gindinsa ya fi kyau, shi ya sa kuma sarakunan Damagaram na dā suka hana sare shi da horo mai tsanani. Ruwa ya ja baya zuwa taki 80, manoma na binsa suna shuka wake a damshin da ya bari. Muka nemi shamuwa sama da ƙasa, babu. Na gaya musu ta tafi gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke somawa sa'ad da tamu ke ƙarewa.

Fita ta uku, cikin Janairu na 2024, ita ta fi ba mu mamaki. Muka fita cikin hazo, yara na rawar ɗari. Ban da 'yan gida, watau kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da belbela, sai ga baƙin tsuntsaye ba su ƙidayuwa, da agwagin ruwa da waɗansu ƙanana masu dogayen ƙafafu, in sun tashi sai ka ce hayaƙi. Baba ya kwance bakin zanensa ya fito da wani ɗan zobe na ƙarfe, wanda ya ce ya cire daga ƙafar wata agwagwa da ta faɗa tarunsa tun yana saurayi. Yara suka karanta lambobin da ke jiki. Na faɗa musu masana ne ke sa irin wannan zobe a ƙasashen Turai don su san hanyar tsuntsu, kuma waɗannan baƙi sanyi ya koro su, sun ƙetare teku da Hamadar Sahara ba guzuri sai kitsen jikinsu. Saboda su, da sauran albarkar ruwan, a shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da Marma cikin jerin fadamun da duniya ta yi alkawarin kiyayewa, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a Ramsar ta ƙasar Iran a 1971. Wani yaro ya ce, "Ashe, Malam, a Turai ma an san garinmu?" Na ce ko mutanen ba su sani ba, tsuntsayensu sun sani.

A ran nan ne kuma Baba ya nuna mana abin da ke damunsa. Ya kai mu wani wuri inda ya ce dā yakan tuƙa kwalekwale ya kama tarwaɗa da karfasa, yanzu kuwa kacala ta cika shi, ta fi mutum tsawo. Asalin abin, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sake. Rassan da kan bushe da rani suka koma suna riƙe ruwa shekara duka, laka ta taru, ciyawar ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyi, har wata gona ta nutse wata kuma ta rasa ruwa, ta kuma zama makwancin jan baki mai cinye hatsi. Yaran nan su za su gaji wannan matsala. Yaya za su gyara abin da ba su taɓa tsayawa sun duba ba?

Fita ta huɗu da bazara muka yi ta, farkon Mayu, muka yi sammako don gudun rana. Ruwa ya yi nisa har yara suka gaji da ƙidaya a taki 400. Ƙasa ta tsattsage, shanun Fulani na kwance a inuwar gawonmu suna neman ragowar 'ya'yansa. Baba ya riƙa bin busasshiyar laka yana dubawa, can ya tsaya ya haƙa, sai ga gaiwa naɗe cikin wata 'yar jaka ta busasshiyar majinarta, da ranta. Kifi ne mai huhu, yana shaƙar iska ta 'yar kafa yana cin jikinsa har ruwa ya dawo. Muka mai da ita muka rufe. Muna komowa gida sai wani yaro ya nuna sama ya ce, "Malam, ga shamuwa ta dawo!" Ɗan magidancin nan ne mai awaki.

Da na sake yi musu tambayar fari, yara 31 suka cika itace goma, da kuka da tsamiya da aduwa da magarya da kurna da goriba da bagaruwa, har waɗansu na ƙarawa da sunayensu cikin Barbarci da Fillanci. Lissafinsu da rubutunsu ma sun ƙaru, don takin da suka auna da shi muka yi tarawa da ɗebewa, labarin fita kuma shi suka rubuta. Magidancin nan bai ce mini ya yarda ba har yau, amma ya ce yaron ya hana shi sakat da tambaya, har ya tuno masa sunayen ciyayin da ya daɗe bai faɗa ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana malamai, kada mu jira mota ko kuɗin gwamnati. Kowane gari na da kurmi, ko dutse, ko kududdufi. A zaɓi wuri guda, a je masa damina da kaka da ɗari da bazara, a nemi dattijon da ya san shi, tun ba su ƙare ba. Masu duba makarantu kuma ina roƙonsu kada su lissafta irin wannan rana cikin ranakun wasa, gama gani ya kori ji. Ina so kuma in ji daga malaman wasu larduna, ko akwai wanda ya gwada, da abin da ya gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Malamin Aji Uku,
Ƙasar Nguru.