Ƙanzon Inna

A Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya akwai wata dattijuwa da ba ta yarda a wanke tukunyar tuwo sai ta kankare ƙanzonta. Takan shanya shi bisa faifai, in ya bushe ƙarau ta adana a ƙwarya. Surukarta, wadda ta tashi a cikin garin Rano, kallon rowa take yi wa abin, balle da kaka, ga rumbu cike da gero, ga sabuwar gyaɗa jibge a tsakar gida.

Ita kuwa tsohuwa da kakar ne ma take fito da ajiyarta. Sai ta jiƙa ƙanzon ya yi laushi, ta tsane shi, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, ta yanka albasa, ta ɗiga mai ta kwaɗa. Shi ake kai wa masu yankan dawa da hantsi.

Wata rana surukar ta ɗauko guntun burodi da ya ƙandare za ta watsa wa kaji.

"Inna, ai ya bushe."

"'Yar nan, ya yi fumfuna ne? To miƙo."

Ta marmasa shi cikin kunun gyaɗa mai zafi, ta rufe har ya jiƙu, jikoki suka sha suka suɗe kwano. Tana budurwa aka yi farin 1973, ta ga shekarar da dusa ta zama abincin mutane, amma ba ta cika tayar da zancen ba.

Surukar dai har yanzu ba ta cin ƙanzo, sai dai ta daina zuba wa tukunya ruwa kafin Inna ta fito.