Ina 'Yan Amshi Suka Shiga?

Mu da muka taso da rediyon Kaduna a kunne ba mu san mawaƙi yana fitowa dare ɗaya ba. Kafin muryar mutum ta iso akwatin rediyon gidanmu, ya riga ya sha ƙurar dandali, ya kwana a gidajen biki, ya yi shekaru a bayan wani yana karɓa masa. Musa Ɗanƙwairo, duk da girman sunansa, sai da ya yi amshi a ƙarƙashin yayansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Ɗan amshi a makaranta yake tsaye ko bai sani ba. Yana lura da inda maigida ke ajiye numfashi, da inda yake sakar wa kotso fili ya yi magana, da yadda ake jero kakannin basarake ba a tsallake ko ɗaya ba, da yadda ake zambo ya shiga jikin mai shi ba tare da an kama suna ba.

Ga kuma jama'a, alƙalan da ba sa sassauci. Mamman Shata bai gaji kiɗa ba, taron kasuwa da na biki ne suka naɗa shi. Ba ya rubutawa. Kalangu na tafiya, yana duban fuskokin mutane, waƙa na zuwa. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya haura shekara arba'in yana wannan aiki. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa shi kaɗai ya cika fage. Barmani Choge kuwa matan Funtuwa ne suka fara shaidar ta a tsakar gida, da kiɗan ƙwarya, tun kafin maza su san da ita.

Kaset da ya zo bai rushe wannan tsari ba, ƙara masa tafiya ya yi. Ina tuna rikodar mai shayin unguwarmu, da direbobin tasha da ke jin kaset ɗaya har zaren ya saki. Waƙa takan yi minti ashirin ba wanda ya ƙosa.

Fiyano ce ta juya al'amari. A ƙarshen shekarun 1990, da finafinan Kano irin su Sangaya suka kama kasuwa, mutum ɗaya a sitidiyo ya maye gurbin makaɗa biyar. Aka samu taurari na wani irin yanayi: muryar Misbahu M. Ahmad ko Rabi Mustapha tana cikin kowane gida, amma fuskar ɗan wasa ake gani. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai su ne suka zama iyayen gida, su ke cewa wannan zai sayu, wancan ba zai sayu ba. Daga baya su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka fito da fuskokinsu, suna sakin kundi ana jira kamar sabon wata. Ban taɓa raina wannan zamani ba. Ko ba komai, yaro yakan yi zaman sitidiyo yana kallon manya, ana korar sa ya sake baiti.

Sai masu tura waƙa a waya suka kashe kasuwar faifai, intanet ta ƙarasa. A 2020, lokacin zaman gida na korona, "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker ta mamaye ko'ina saboda bidiyon matan da ke yi wa mazajensu rawa da ita. Ya daɗe yana waƙa kafin nan, amma yara masu tasowa abin da suka ɗauka shi ne gaɓa ɗaya mai daɗin rawa ta isa. Yanzu a kan daƙiƙa talatin ɗin da TikTok zai ɗauka ake gina waƙa, na'ura ta miƙe muryar da ta karkace, mawaƙin ya rera amshinsa da kansa a ɗora a kan muryarsa.

Na yarda ƙofa ta buɗu. Yarinyar da ke Zinder ko Kumasi ba ta buƙatar yardar ɗan kasuwa ko basarake kafin a ji ta, kuma ina murna da haka har zuciyata. Abin da ke ci mini rai shi ne waƙa ta biyu. Yaro ya wayi gari miliyoyi sun ji shi, 'yan siyasa na kiransa, amma bai taɓa tsayawa a bayan kowa ba, bai taɓa fuskantar taron da ya ƙi motsi ba. Da an buƙaci ya sake, sai ya maimaita ta farkon da wani kiɗan. Da yawa daga cikin yaran nan muryarsu ta fi ta wasu tsofaffin daɗi, kuma ba su da wanda zai ce musu wannan baitin bai nuna ba, a koma a sake.