Baki Ɗaya Ya Ishe Ni

Akwai tambayar da ake yawan tare ni da ita, wani a ƙofar masallaci bayan Azahar, wani a rumfata a kasuwar Muda Lawal: "Malam, kai da Allah ya ba ka lasisin bindiga, me ya sa ka ƙare a kan 'yar mai baki ɗaya?" Wasu da tausayi suke tambaya, kamar wanda aka ba kujerar Makka ya tsaya a Kano. To, bari in amsa wa kowa a nan wuri ɗaya.

Ni ba maharbi ba ne ɗan gado. Fatauci ne ya kawo kakanmu ƙasar Bauchi, kamar kakannin yawancinmu a nan Zungur, kuma mudu muka gada, ba kwari da baka ba. Abin da ya kai ni neman takarda gona ce da nake da ita ta wajen hanyar Liman Katagum, gindin wani dutse. Da masara ta fara goyo birai sun sauko, gyazbi kuma yana yanka ta daga ƙasa da dare. Sai kuma zabin daji da fakara da ke kiwo a gefen gonar bayan girbi, waɗanda na daɗe ina kallo ina tuna tukunyar gidana.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba a ba ka lasisi a ce je ka sayi wadda ranka ke so. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta raba su gida uku. Gida na farko shi ne haramtattu: mashin-gan, fistol, da raifal irin ta soja mai cin harsashi 7.62 ko .303 da makamantansu. Waɗannan sai da izinin shugaban ƙasa, wato ni da kai mu cire rai. Gida na biyu shi ne na bindigar farauta, mai baki ɗaya ko biyu, da raifal ta farauta, da bindigar iska, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da izininsu. Gida na uku bindigar toka ce, wadda ake ɗurawa ta baki, izininta yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Kuma lambar bindigarka ake rubutawa a takardar. In aka same ka da wata daban, kai da wanda bai taɓa neman lasisi ba ɗaya kuke. Tawa takardar ta gida na biyu ce, ta fito tun kafin watan Agusta na 2023 da Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi.

Da labari ya bazu, masu shawara suka yi yawa. Wani yaron kasuwa da nake ɗauka kamar ɗana ya ce, "Baba, ka sayi fam-akshan kawai, harbi biyar a jere, ko ɓarawo ya ji ƙarar jan ta sai ya juya." Na ce masa ai ba yaƙi zan je ba. Kuma ita wannan dokar ta cire duk bindigar da ke ɗura kanta daga gida na biyu, shi ya sa a 2018, lokacin Sufeto Janar Ibrahim Idris, da aka ba da umarnin tattara haramtattun makamai daga hannun jama'a, har da ita a ciki. Samarinmu kowa so yake ya zama Ali Kwara, Allah ya ji ƙansa. Sun manta shi marigayin kafaɗa da kafaɗa yake aiki da jami'an tsaro har ya rasu a 2020, ba gaban kansa yake yi ba.

Wani maƙwabcina tsohon soja kuwa raifal ya dage a kai. Ya ce da ita za ka hango barewa can nesa ka ajiye ta, ba sai ka yi rarrafe cikin ƙaya ba. Maganarsa ta shige ni, don raifal akwai kyau a ido, kuma takardata ba ta hana ni irin ta farauta ba. Kwana da kwanaki ina juya abin.

Wanda ya raba gardamar wani dattijon maharbi ne da ke kawo mini gyaɗa daga ƙauye, mutumin da ya tsufa da baushe a kafaɗa. Bai ce mini sayi kaza ba. Cewa ya yi, "Liman, me za ka harba, kuma me ke bayan abin da za ka harba?" Na ce zabo da gyazbi, sai korar birai. Ya ce, "To bayan zabon fa?" Sai na tsaya na lissafa. Bayan gonata akwai rugar Fulani. Akwai burtalin da yara ke bi da shanu safe da yamma. Akwai matan da ke shiga gindin dutsen neman itace, ka ga ciyawar kaka ta fi su tsawo, ba ka ganinsu sai dai ka ji sara. Harsashin raifal, ko da ɗan ƙaramin nan ne .22, in ya kuskure yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da ƙarfinsa, in ya bugi dutse kuma ya yi tsalle ya nufi inda ba ka nufa ba. Ita kuwa mai baki ɗaya ƙwayoyin dalma take watsawa, aikinta na kirki bai wuce taku 40 ba, daga nan ƙarfin ƙwayoyin ya yi ta raguwa. Ba wai ba ta kisa ba ne, wallahi tana yi, a kusa ma ta fi muni. Amma iyakarta kusan iyakar idonka ce. Ƙasar Zungur ta yau ba dajin da kakannin wannan dattijo suka sani ba ne, duk inda ka juya gonar wani ce ko hanyar wani.

Na tambaye shi batun baushe, tunda ita ya sani. Ya nuna mini hannunsa na hagu, yatsa ɗaya babu rabi. Bututun ne ya fashe masa yana saurayi. Albarushi da hannu ake aunawa, ƙarfen kuma ba wanda ya gwada iyakar abin da zai ɗauka. Ba raina maƙeranmu nake ba, harba-ka-ruga ta ciyar da gidaje da yawa a ƙasar nan. Amma mutumin da ya fara riƙe bindiga bayan ya haura hamsin, ga tabarau a ido, ba shi ne zai koyi auna toka ba.

Haka na tsaya a kan Baikal mai baki ɗaya, ƙirar Rasha, lamba 12, daga hannun dillali mai rajista. Wannan 12 ɗin ba tsawo ba ne ba kuma nauyi ba. Ma'anarta, in aka yi ƙwallon dalma daidai faɗin bututun, guda 12 ne za su cika nauyin laba ɗaya, faɗin kuwa ya ɗan haura milimita 18. Na zaɓe ta don harsashinta ya fi sauƙin samu, kuma ba ta da tarkace da yawa da za su lalace. Karya ta ake yi a tsakiya a sa harsashi, saboda haka in ka karya ta ka rataya a hannu, kowa daga nesa ya san ba za ta tashi ba. Harsashin ma kala-kala ne: mai ƙananan ƙwayoyi na tsuntsu, BB da AAA na abin da ya fi girma. Mai baki biyu ta ba ni sha'awa, sai dai kuɗinta ya fi, nauyinta ya fi, kuma na lura harbi ɗaya yana sa mutum natsuwa. In ka san ba ka da na biyu, ba ka ja kunama a kan motsin ciyawa.

Nan kuma karatu ya shigo, don na koma Risala da sharhohin Mukhtasar kafin in fita ko sau ɗaya. A mazhabarmu farauta don wasa kawai makaruhi ce, ta neman abinci ko kare amfanin gona kuwa halal. Hadisin Adiyyu bin Hatim ya bambanta abin da makami ya huda da abin da ya buge da faɗinsa: na farko a ci, na biyu mushe ne. Saboda haka malaman da suka hana cin abin da aka kashe da ƙwallon laka, don buguwa yake yi. Da dalma ta zo, malaman Malikiyya na baya suka halatta, tunda tana huda tana zubar da jini. Sai dai da sharaɗi: ka yi bisimilla lokacin harbi, in kuma ka tarar da dabbar da sauran rai sai ka yanka. Shi ya sa wuƙa mai kaifi ba ta barin aljihuna. Biri kuwa ba na harbinsa, ƙara ɗaya a sama tana korarsu na kwanaki.

Lasisin bindiga kuma ba lasisin shiga ko'ina ba ne. Yankari da aka keɓe tun 1956, da Lame-Burra, da Sumu, ba wurin farauta ba ne ko takardarka ta kai goma. Giwayen Yankari suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a ƙasar nan, kuma mai baki ɗaya a cikin dajin nan sunanta kayan ɓarawon daji.

Tafiya da ita ma sai da lura. Dukanmu mun ji abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa suna hanyar komawa Kano yin Sallah, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Allah ya ji ƙansu. Tun daga ranar, tawa ba ta wuce tsakanin gida da gona, a karye, cikin jaka, takarda a aljihun gaba. Ko ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya ba na ara wa.

Saura magana ɗaya da ta shafi aikina na rabon gado. Sau biyu ina tarar da bindiga cikin kayan mamaci, 'ya'ya suna jayayya wa zai ɗauka. Ƙarfen dukiya ne, yana shiga lissafi, amma lasisi na mai shi ne shi kaɗai, ba ya bin gado. Ni dai na rubuta a wasiyyata, na kuma faɗa wa babban ɗana a gaban shaidu biyu, cewa ranar da ta Allah ta kasance a kai ta ofishin 'yan sanda da takardarta a karɓo rasit, sannan a zauna maganar kuɗinta. Kafin nan tana cikin akwatin ƙarfe da kwaɗo, harsashi yana wani ɗaki daban, mabuɗan biyu suna ɗaure a jikin carbina.