Majami'ar Tubali A Wusasa

Wusasa tana bayan ganuwar birnin Zariya, a gindin dutse. A 1929 ne mishan ta C.M.S. ta taso daga cikin birni ta zauna a nan. Majami'ar St. Bartholomew da aka gina a lokacin tana tsaye har yau. Ginin ƙasa ce, irin na maginan Hausa, tubali bisa tubali.

A wannan gari mai bishara Yohanna Gowon ya yi renon 'ya'yansa. Ɗayansu, Yakubu, ya zama Shugaban Ƙasa daga 1966 zuwa 1975.

Iyaye, ku dubi bangon nan da kyau. Ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da yaɓe a kai a kai, in an bar shi damina za ta cinye shi. Haka bangaskiyar yaro take. Sa'a guda a makarantar Lahadi ba ta isa ta mai da shi almajirin Yesu ba. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932. Ku buɗe shi tare da yara kowane dare bayan tuwo, ku yi addu'a, su kuma ga kuna aikata abin da kuka karanta.