Littafin da na tsinta a adakar Inna

Bara, muna kwashe kayan Inna bayan sadakar arba'in, na ci karo da shi a ƙasan adaka, naɗe cikin tsohon zane. Littafin nan ne mai kauri da Jami'ar Ahmadu Bello ke bugawa, wanda ke jera tsangayoyi da sassa da darussan kowace shekara, sannan sunayen malamai ɗaya bayan ɗaya, kowa da digirorinsa a gefe. Inna ba ta yi boko ba. Ta dai ga na shigo da shi gida ina riritawa a farkon shekarun 1980, sai ta adana shi yadda take adana takardar gona.

Daren da na zo da shi, a zaure muka zauna da Baba, fitilar ƙwai a tsakaninmu, ina karantowa ina fassara masa. Likitanci ya gyaɗa kai. Shari'a da aikin mulki, waɗanda ake yi a harabar Kongo, ya ce na 'ya'yan manya ne. Da na zo kan zane-zane sai ya ce in maimaita. Da na ce har Hausa ana yi wa digiri, sai da ya ajiye carbi don dariya.

"Hausar da ka sha a nono? Kai yaro, duba mana wajen noma."

Manomin auduga ne a ƙasar Funtuwa, kuma a wurinsa Samaru, inda jami'ar take, ba jami'a ba ce, gidan gona ce inda ake fito da iri tun kafin a kafa jami'ar a 1962. Aikin gona na karanta, ban kuwa yi nadama ba. Malaminmu na ilimin ƙasa, wani dattijo daga Indiya, yakan sa mu haƙa rami har iya ƙirji, ya shiga da kansa ya damƙo ƙasa ya tofa mata yawu ya murza, ya miƙo mana mu faɗi ko jigawa ce ko laka. Akwai 'yan Gana a jerin malaman, akwai 'yan Pakistan da Turawan Ingila, ga namu na gida da suka dawo daga ƙetare da zafinsu. Makon farko sai ka kasa kunne sosai kafin ka saba da Turancin kowa.

Amma abin da ya fi zama a raina ba ya cikin darussan da aka rubuta mini. A lokacin ba wanda ke tare ƙofa ya tambaye ka sashenka. In labari ya zaga Suleiman Hall cewa Dokta Bala Usman zai yi magana, sai ka ga ɗaliban injiniya da na haɗa magunguna sun riga masu tarihin kama kujeru. Mu da muka taso daga gona da taɓo a takalmi, taga muke samu. A bakinsa na fara jin cewa Katsina tana da tarihin da ake rubuta littafi guda a kansa, kuma shi ya rubuta, aka buga a 1981. Yakan kawo hujja ya dasa ta, ya dube mu kamar mai jiran wani ya yi ƙarfin halin musu. Wani lokaci a samu, a kwashe sa'a guda ana yi.

Haka na leƙa ajin Patrick Wilmot, mutumin Jamaika mai koyar da nazarin zamantakewa, na fito kaina na juyawa. Haka kuma wata rana na bi wani abokina ajin Hausa na Malam Dalhatu Muhammad, inda aka ɗauki baiti ɗaya na Aƙilu Aliyu aka yi ta warware shi har lokaci ya ƙare ba a kai na biyu ba. Ranar na san dariyar Baba ba ta da tushe, ko da yake ban taɓa samun bakin gaya masa ba. Wa ya aike ni?

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, albashin malami ya daina kai shi ƙarshen wata, baƙin suka fara haɗa kaya, wasu namu ma suka bi su. Wilmot kuwa gwamnatin soja ce ta fitar da shi daga ƙasar a 1988. Bala Usman ya rasu a 2005.

Ranar da na tsinci littafin, na zauna a tsakar gidan Inna da biro, ina bin jerin malaman sashenmu ina sa alama a gaban duk wanda na san ya riga mu gidan gaskiya. Ban kai ƙarshe ba, domin gara ta cinye shafuka biyun da suka rage. Littafin yana wurin 'yata yanzu, wadda ke aji biyu a Samaru. Hausa take karantawa.