Minti Bakwai

A ɗakin da sashenmu ke adana muryoyin da ɗalibai suka ɗauko daga ƙauyuka, akwai kwamfuta uku, da akwatin ajiya inda aikinmu duka yake kwana, da ɗan akwatin mahaɗa wanda wayoyinsu ke shiga. A ƙarƙashin tebur kuwa ga na'urar nan mai batir, watau UPS. Jama'a, wannan aba ba janareta ba ce. Iyakar aikinta ta riƙe wuta na 'yan mintoci, har mutum ya kashe kayansa a tsanake.

Ran wata Laraba da azahar aka ɗauke wuta, Malam ba ya nan, ni aka bar wa makulli. UPS ta kama tsuwa. Wata 'yar ajinmu tana cikin rubuta waƙoƙin daɓe da ta ɗauko daga bakin wata tsohuwa. Gudun kada babban kaya ya lalace, sai na yi wuf na kashe akwatin ajiya. Ashe na rufe rumbu ne mai dami yana bakin ƙofa, domin a cikin akwatin nan rubutunta yake sauka. Kwamfutarta ta sandare tana nemansa, kafin mu farga batir ya mutu. Aikin da ta yi tun hantsi ya tafi. Ba ta ce mini uffan ba, da ma zagina ta yi.

Da Malam ya dawo sai ya ce, "Kai kuwa, ai masu kai kaya ake fara sallama, sa'an nan rumbu, mahaɗa kuwa ita ce ƙarshe."

Muka sa wata manhaja ta kyauta mai suna NUT. Wayar USB ta haɗa UPS da kwamfuta guda, ita kuma in wuta ta tafi sai ta aika wa sauran su kashe kansu, ta jira su, kana ta bi. Da muka zare wuta don gwaji, saƙon bai isa ko'ina ba, saboda mahaɗa a bango take jone, ta riga kowa mutuwa. Muka mai da ita kan batir.

Mun auna, minti 7 kacal batirin yake yi, domin zafi yana cin irinsa. Saboda haka muka tsara a fara kashewa bayan minti 2.

Waƙoƙin kuwa, muryar tsohuwa tana nan. Ni nake sake rubuta su da yamma, saura guda huɗu.